Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Nasiha ga 'Ya'yana Masu Karatu



A ƙarƙashin gadona akwai wani tsohon akwatin ƙarfe, irin wanda ake saya wa ɗan makarantar kwana a da. Fentinsa ya koɗe, kwaɗonsa ya daɗe da ɓata, littattafai ne maƙare a ciki. Daminar bara tsatsa ta huda gindinsa, gara ta samu ƙofa ta shiga ta yi mini ta'adi. Na kwaso littattafan na baza su a kan tabarma a tsakar gida don su sha iska. Ina cikin kakkaɓe su sai wani jikana, wanda ke shirin jarrabawar fita sakandare, ya tsuguna ya ɗauki Shaihu Umar, ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Baba Malam, ai wannan na san shi." Na ce, "Ka karanta?" Ya ce a'a, amma an ba su taƙaitaccen bayaninsa a shafi biyu, ya haddace jigo da salo da sunayen taurari, ko yanzu aka tashe shi daga barci zai kawo su. Na ce, "To, me ka ji a ranka sa'ad da uwar yaron nan ta bar gida ta bi sawunsa?" Ya yi shiru yana kallona, kamar na tambaye shi da wani yare.

Shirun nan nasa ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ba faɗa zan yi muku ba, don yawancin kurakuran da zan lissafa ni ma na tafka su, wasu ma da furfura a kaina. Zan dai ba ku labarin abin da wasu littattafai suka yi mini, ku tsinci abin tsinta.

Bari mu fara da shi Shaihu Umar ɗin. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi yana malamin makaranta, tun kafin ya shiga siyasa, sakamakon gasar rubutun ƙagaggun labarai da aka shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East a Zariya. Daga wannan yunƙuri aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi. Na fara karanta Shaihu Umar ina ɗan shekara goma sha uku, da fitilar ƙwai, a zaure. Gaskiya ban ji daɗinsa ba. Na riga na sha dariyar Malam Zurƙe ɗan Muhamman a Ruwan Bagaja, ina neman wani littafin da zai sa ni birgima a tabarma, sai na tarar da labari mai nauyi, ba raha ba wasa. Duk inda aka koma kan mahaifiyar Umar sai in tsallake, ina sauri in ga ayari a cikin sahara.

Na sake buɗe shi bayan shekara talatin da ɗoriya, a barandar asibiti, ina jinyar mahaifiyata. Dare ya yi nisa, sauro na cizo, ba abin karantawa sai shi, wani ɗalibina ne ma ya manta shi a jakata. Na iso inda matar nan ta ƙi zama, ta fita neman ɗanta da aka sace, aka yaudare ta ita ma ta faɗa cikin bauta, aka ƙetara da ita sahara, ta yi shekaru tana wahala, har Allah ya haɗa ta da ɗan nata, sannan ba ta daɗe ba ta cika. Na rufe littafin na leƙa ɗakin da tsohuwata ke kwance, na ga ƙafafunta sun kumbura sun leƙo ta ƙarƙashin mayafi. Ranar na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro. Harafi ɗaya bai ƙaru a littafin ba tun daren zaure, ni ne duniya ta gasa.

Don haka, ɗana, abu na farko shi ne ka karanta littafi da idonka, daga bango zuwa bango. Taƙaitawa tana iya ba ka maki a jarrabawa, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Na koyar da ɗalibai da yawa da suka ci darasin adabi da kyakkyawan sakamako, suka fita ba su taɓa zama da littafi guda sun gama shi ba. Na sake haɗuwa da wasunsu sun zama manya a ofisoshi, a miƙa musu rahoto mai shafi ashirin su kasa haƙurin karanta shi, su sa hannu a kan abin da ba su sani ba. Haƙurin karatu tun ana yaro ake koyonsa, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Littafin da ka ajiye yau don bai yi maka daɗi ba, kada ka yanke masa hukuncin har abada. Adana shi. Wataƙila ba ka kai shekarunsa ba ne tukuna.

Akwai kuma wasu daga cikinku, galibi samari masu himmar karatun addini ko na kimiyya, da suke cewa ƙagaggen labari ƙarya ce, ɓata lokaci ne. Na gane nufinku, kuma himmar taku abar yabo ce. Amma ku saurari abin da Jiki Magayi ya yi mini. John Tafida ne ya rubuta shi tare da East. Labarin wani saurayi ne, Abubakar, da wani mai dukiya, Malam Shehu, ya ƙwace masa budurwarsa Zainabu. Abubakar ya bar komai nasa ya shiga duniya neman asirin da zai rama da shi, asirin kuwa ya faɗa kan ɗan da aka haifa, Kyauta, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ya tashi ɓarawo, ƙarshenta ya kashe mahaifinsa ba tare da ya san shi ne ba. Lokacin da na karanta shi a karo na biyu, ina ɗauke da ƙullin wani ɗan'uwa da ya zalunce ni a kan rabon gona. Shekara huɗu ba ma gaisawa, na kuma hana 'ya'yana shiga gidansa. An yi mini wa'azi, na san ayoyin zumunci, na san hadisan, amma zuciya ta ƙeƙashe. Da na kai ƙarshen littafin sai na zauna ina tambayar kaina: a rigimar nan tamu, wane ne Kyauta? Amsar tana wasa a tsakar gida, 'ya'yana ne da nasa, da suke haɗuwa a hanyar makaranta su sunkuyar da kai. Juma'ar da ta biyo na je na yi masa sallama.

Ba cewa nake littafin hira ya fi wa'azi ba, Allah ya kiyaye. Wa'azin ne ya shuka, labarin ya yi ban-ruwa. Labari yana sa ka zauna cikin rigar wani na 'yan kwanaki, ka ga ƙarshen hanyar da kake kai tun ba ka isa can ba. Kakanninmu da suke tara jikoki da dare su yi musu gizo da ƙoƙi sun san babu gizon da ke magana, sun kuma san abin da suke yi.

Yanzu bari in tona wa kaina asiri. A farkon shekarun 1990 ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata. Lokacin littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano sun cika gari, ana buga su da araha, ana sayarwa a kasuwa, ana ba da haya. Mu malamai mun yanke musu hukunci a ɗakin malamai, ba tare da ɗayanmu ya karanta ko guda ba: littattafan soyayya ne, masu ɓata tarbiyya. Wata rana ina tsakiyar darasi na hango wata yarinya a layin baya ta sunkuya, hijabinta ya rufe tebur. Na lallaɓa na zare abin da ke cikin littafin lissafinta. Wa Zai Auri Jahila? ne, na Balaraba Ramat Yakubu. Na ɗaga shi sama na nuna wa aji, na yi mata tatas, na sa ta durƙusa har aka tashi. Ba ta ce uffan ba, hawaye kawai take sharewa da gefen hijabi.

Da dare na buɗe littafin don in samo hujjar da zan kai wa shugabar makaranta. Ban rufe shi ba sai da aka yi kiran assalatu. Labarin yarinya ne, Abu, da aka cire daga makaranta aka aurar da ita ga tsoho ba da sonta ba, ta sha wuya, daga baya ta koma karatu ta zama mutum. Marubuciyar kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, saboda haka waƙa ce a bakin mai ita. Da na bincika sai na ji cewa ɗalibar tawa ana shirin cire ta a ƙarshen zangon nan. Ashe yarinyar ba nishaɗi take nema a littafin ba, ƙarfin hali take nema, ni kuma na durƙusar da ita a gaban 'yan'uwanta. Na mayar mata da littafinta na ba ta haƙuri, amma har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Daga nan na nemi Alhaki Kuykuyo Ne na marubuciyar nan, labarin Rabi da mijinta ya kore ta da 'ya'ya tara saboda amarya, ta riƙe su da sayar da abinci. Wannan littafin da muke yi wa kallon hadarin kaji, a 2012 aka fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya, mutanen wasu ƙasashe suna karanta shi suna nazari. Ni ƙarshensa bai kwanta mini ba, don na ji zafin yadda aka matsa wa Rabi ta koma wa mijin bayan duniya ta juya masa baya. Na yi kwanaki ina gardama da littafin a zuciyata, daga bisani na gane cewa abin da ke faruwa a gidajenmu ta faɗa, ba abin da nake so ya faru ba. Nasihar a nan gajera ce: kada ka zagi littafin da ba ka karanta ba, kada kuma ka yabe shi don ka ji ana yabo. Gani ya kori ji.

Amma 'yata, kada ki ɗauka na wanke duk abin da ake rubutawa. A cikin littattafan nan akwai tsaba akwai ƙaiƙayi, yanzu kuma da suka koma cikin waya, ana turo su shafi-shafi ta WhatsApp, ƙaiƙayin ya ƙaru, don ba mai tacewa. Na ga yarinyar da ta shekara biyar ba ta karanta komai sai labarin saurayi kyakkyawa mai motoci, wanda ba ya gajiya, ba ya rashin kuɗi, ba ya fushi sai na kishi. Aka aurar da ita ga wani yaron kirki, tela, mai dawowa gida da zare a rigarsa da ciwon baya. Ba ya zaginta, ba ya barinta da yunwa, amma kullum tana auna shi da mutumin da babu shi a duniya. Auren bai kai shekara biyu ba. Laifin ba na littafi ɗaya ba ne, na cin abinci iri ɗaya ne. Ko zuma ce aka ce safe da rana da dare, jiki zai gaya miki. Ki karanta na soyayya in kina so, ai So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da ya fito a 1980, soyayya ce, kuma littafi ne na ƙwarai. Sai dai in kin gama ɗaya, ki ɗauki wani iri dabam kafin ki koma. Ki kuma riƙa tambayar kanki: mutanen cikin labarin nan, ina suke samun kuɗin cefane?

Ku kuma masu sha'awar zama marubuta, ga nawa labarin da Magana Jari Ce. Na tashi ina ganin babu wani ɗan'adam da ya kai Abubakar Imam ƙirƙira: aku mai hikima yana riƙe Musa ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri. Da na je kwalejin horon malamai aka gaya mana cewa da yawa daga labaran ya samo tushensu ne daga littattafan Larabawa da na Turawa da na Indiya, irin su Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus, sai gwiwata ta yi sanyi, na ji kamar an ce mini mahaifina ba shi ya gina gidanmu ba. Na yi shekaru ban taɓa littafin ba. Sai da na samu wasu daga tushen labaran na karanta, na dawo na gwada, sannan na ga aikin da mutumin nan ya yi. Ya sauya musu gari, ya sauya musu suna da sutura, ya sa musu baki irin namu, har alƙalin cikin labarin ka rantse ka taɓa zama a gaban shari'arsa. Ɗanyar fata ya saya, ya jeme ta, ya rina, ya ɗinka. Wannan dabam yake da wanda zai kalli fim ɗin Indiya daren jiya, yau ya kwafe shi da sunayen Hausawa ya ce ya rubuta littafi. Kayan aro ba ya rufe katara. In za ku ɗebo daga wani wuri, ku ɗebo, amma ku yi masa gumi.

Sai sauran littattafan da ba na ƙage ba, na tarihi da na tafiye-tafiye. A nan kuskuren matasa kishiyar na masu ƙin ƙagaggen labari ne: duk abin da aka buga aka ce tarihi ne, sai su haɗiye ba tauna. Ni ma haka na yi da tarihin sarakunan Kano da ke cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Na haddace Barbushe da Tsumburbura a Dala, da Bagauda, da zuwan Wangarawa zamanin Yaji, da Muhammadu Rumfa wanda ake lissafa sarautarsa daga 1463 zuwa 1499. Ina jin na gama sanin Kano. Sai daga baya littafin Baba mutuniyar Karo ya shigo hannuna. Tsohuwa ce da ba ta yi karatun boko ba, ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, ta ba ta labarin rayuwarta, aka buga shi da Turanci a 1954, daga baya aka fitar da shi da Hausa. A bakin Baba na ji abin da littafin sarakuna bai tsaya a kansa ba: yadda mahara ke faɗa wa ƙauye su kwashe mata da yara, yadda dangi ke haɗa kuɗin fansa, yadda ake zaman rinji, yadda ake ƙulla ƙawance, yadda mace ke fita daga aure ta shiga wani. Littafin farko ya ƙirga ganuwa da yaƙe-yaƙe, Baba ta gaya mini wanda ya kwana da fargaba a bayan ganuwar.

Ban jefar da na farkon ba, don kowannensu yana da gaskiyarsa. Abin da na koya shi ne, duk littafin da ya ce zai gaya maka abin da ya faru, ka tambaye shi abu uku: wa ke magana, wa yake yi wa maganar, wa aka bari a waje? Ko ita Baba, ka tuna da baƙuwa take zance, kuma hannun baƙuwar ne ya rubuta. Haka na yi da Tafiya Mabuɗin Ilmi, labarin tafiyar da Abubakar Imam ya yi zuwa Ingila a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma. Na ji daɗin idonsa, yadda yake lura da ƙananan abubuwa ya kwatanta su da na gida. Amma ina karantawa ina tune da cewa baƙo ne da masu gida suka gayyata, kuma baƙo inda aka kai shi nan yake gani. Wanda ya saba yi wa littafi irin waɗannan tambayoyi, saƙon da aka turo masa a waya da tsakar dare ba zai sa shi ya fita da gora ba.

Kuna da 'yancin ƙin littafi, ko da kowa na yabonsa. Ni Ganɗoki rabinsa nake so. Inda yake ba da labarin Kwantagora da zuwan Turawa, jinina har tsuma yake. Da ya shiga ƙasashen aljannu sai hankalina ya fita. Na faɗi haka a gaban manyan malamai, wasu suka ce ban fahimce shi ba ne, mai yiwuwa kuma gaskiyarsu. Sharaɗin kawai shi ne ka iya faɗin dalili. "Bai yi ba" ba magana ba ce. Ku sayi ɗan littafin rubutu, duk littafin da kuka gama ku rubuta kwanan wata da layi biyar: abin da ya burge ku, abin da ya ba ku haushi, wanda kuka tausaya wa. Nawa sun kai guda bakwai yanzu, in na buɗe na shekarun samartaka nakan yi dariya, wani lokaci kuma in ji tausayin yaron da ya rubuta su.

Sai amana. Rabin littattafan da na rasa ba gara ce ta cinye su ba, masu aro ne. In kun ari littafi ku mayar, kada ku naɗe shafi, kada ku ɗora masa kwanon miya. In kuna da hali ku saya. Marubutanmu da yawa da kuɗin aljihunsu suke buga littafi, wanda kuma ya ɗauki hoton shafukan ya watsa a waya kyauta ya ci gumin wani, ko da niyyarsa alheri ce. In marubuci ya yi asara sau biyu, na ukun ba zai rubuta ba, mu ne kuma za mu zauna babu abin karantawa.

Shi kuwa jikan nawa, ranar nan na miƙa masa Shaihu Umar ɗin, duk da gara ta ci gefen bangonsa, na ce ba na son ganinsa sai ya gama. Bayan kwana uku ya shigo da magariba, bai ko zauna ba ya ce, "Baba Malam, ni Abdulkarim ɗin nan na cikin labarin ne ban gane masa ba. Ya riƙe Umar kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu, kowa na cewa mutumin kirki ne. To sauran bayin da yake saye fa, su ba 'ya'yan wasu ba ne?" Na buɗe baki in ba shi amsa, na ga ba ni da ita a kusa. Sau biyar na karanta littafin nan, na koyar da shi shekara da shekaru, ban taɓa tsayawa a wannan gaɓar yadda ya tsaya ba. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Haka ne, amma ranar nan yaron ya shiga birnin da ƙafarsa, ya biyo wani lungu da ban taɓa bi ba. Na matsa masa a tabarma na ce, "Zauna, ɗauko littafin, nuna mini wurin."

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku ilimi mai amfani.